Akwatin Tambaya: Gem Ɗin da Ke Mayar da Magana

Wasiƙu uku na ware a wannan fitowar, domin duk daga rijiya ɗaya suke ɗiban ruwa. Masu tambaya a kan batirin sola su yi mini haƙuri sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon gem, talabijin shida, kuma kusan kullum ƙwallo yara ke bugawa. Kwanan nan wani yaro ya nuna mini bidiyo a waya, wai mai wasa yana hira da wani baƙin dodo mai hular kwano a cikin gem ɗin Fortnite, yana tambaya dodon yana ba shi amsa. Gaskiya ne ko haɗi ne? In gaskiya ne, in fara tanadin makirfo ke nan, fad (abin dannawa na hannu) ya kusa zama tarihi?
Daga mai shagon gem, Kano

AMSA: Wa alaikumus salam. Ba haɗi ba ne. Dodon nan Darth Vader ne, mugun fina-finan Star Wars, kuma a watan Mayun 2025 kamfanin Epic Games ya saka shi a Fortnite yadda za ka yi masa magana da bakinka ya amsa maka nan take. Muryar ta James Earl Jones ce, ɗan wasan Amurka da ya rasu a Satumban 2024, da yardar iyalinsa aka sa na'ura ta kwaikwaye ta. Gemini, ƙirƙirarriyar basirar Google, ita ta riƙa shirya amsar, fasahar kamfanin ElevenLabs kuma ta riƙa furta ta.

Amma riƙe kuɗinka tukuna, Alhaji. Wannan alkawarin ya girmi duk yaran da ke shagonka. Tun 1983 Nintendo ya sa makirfo a fad na biyu na na'urar gem ɗinsa Famicom, har a wasan Zelda na Japan akwai wani dodo mai manyan kunnuwa da ihu kawai ke kashe shi. A 1998 aka fito da Hey You, Pikachu!, inda yara ke kiran wata 'yar dabba mai suna Pikachu da baki. A 1999 Sega ya kawo Seaman, wani kifi mai fuskar mutum da za ka yi ta reno yana yi maka rashin kunya. Wasan yaƙi SOCOM na PS2 ya zo a 2002 da abin sawa a kunne don ba sojoji umarni. Sai Kinect na Microsoft a 2010, na'ura mai kyamara da makirfo, wanda a FIFA 13 kana iya canza ɗan wasa ko tsarin wasa da baki. Kowanne da ya fito an ce ƙarshen fad ya zo. Kinect ɗin ne aka daina ƙerawa a 2017, fad kuwa yana nan a hannun yaranka, ya sha gumi ya sha salatif.

Duk waɗannan kunne ne da su, ba ƙwaƙwalwa. An ba su jerin kalmomi sun haddace, in ka kauce daga jerin sai su zuba maka ido. Ni kaina na sha kunya a gidan wani abokina a Kaduna, shekarun baya. Wani gem na yaƙi ne, na sa abin kunne na daka wa sojojina tsawa da Turancina na makarantar gwamnati, sau huɗu, ko motsi ba su yi ba har aka harbe mu. Ɗansa ɗan shekara tara, wanda katun ya rena, ya karɓa ya faɗi kalmar nan sau ɗaya cikin hanci, sai ga sojoji sun ruga. Har yau in na je gidan sai an tayar da zancen.

Abin da ya canza yanzu shi ne an dasa ƙirƙirarriyar basira a tsakiya. Aikin hawa uku ne: wata manhaja ta mayar da maganarka rubutu, wata ta karanta ta shirya amsa daidai da halin da aka ɗora wa mutumin cikin gem, ta uku ta mayar da amsar murya. Kamfanin Nvidia ya nuna irin wannan a Taipei a Mayun 2023, da wani mai shagon taliya da ake hira da shi, kamfanin gem na Ubisoft ma ya nuna nasa a Maris 2024. Ka lura, nuni na ce. Doki a filin sukuwa daban, doki a tafiyar fatauci daban.

Cikas na farko jinkiri ne. In mutum biyu suna hira, tazarar da ke tsakanin shirun wannan da buɗe bakin wancan ba ta cika wuce kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa ba. Maganarka kuwa sai ta bar Kano, ta bi intanet zuwa manyan kwamfutocin kamfani a wata nahiya, ta hau hawa ukun nan, sannan ta dawo. Da sabis irin na yammacin Asabar, kafin amsa ta iso an ci ka biyu. Akwai masu ƙoƙarin sa duk aikin ya gudana a cikin na'urar mai wasa, kamar abokin faɗan da kamfanonin Krafton da Nvidia suka nuna don wasan PUBG a farkon 2025, sai dai wannan yana son kwamfuta mai tsada, ba PS4 ɗin da ke shagonka ba.

Sannan kowace jimla kuɗi ce. Maganar da aka naɗa a faifai sau ɗaya ake biyan kuɗinta, ko sau miliyan aka saurara. Wadda na'ura ke ƙirƙira kuwa duk buɗe baki sai kamfani ya biya wuta da haya, kuma ka san a aljihun wa za a fanshe.

Wanda ya fi damuna shi ne baki marar linzami. Ranar da aka saki Darth Vader, cikin 'yan sa'o'i masu wasa suka yi masa wayo ya fara ashar, dole Epic ya yi gyaran gaggawa. Ashar ma mai sauƙi ce. Ka ɗauka kana neman makulli a gem, ka tambayi wani tsoho a bakin kasuwa, shi kuma don kada ya yi shiru ya ce maka yana cikin rijiyar bayan gari, alhali masu gem ba su taɓa gina rijiya ba. Wannan basirar ta iya shara ƙarya da murya mai daɗi. Marubucin gem yana auna kowace kalma don ta kai ka inda labari ya nufa, ita kuwa surutu ta iya. A ganina nan ne ainihin aikin yake, kuma ba a gama shi ba.

To ina za a je? Ina sa ran murya za ta zauna daram a wasannin da hira ce jarinsu: bincike, ciniki, tatsar bayani daga bakin wanda ake zargi, ko ban tsoro irin Phasmophobia na 2020, inda fatalwa ke jin ka in ka kira sunanta. Ƙwallo da faɗa kuwa, babban yatsa ya fi harshe sauri. Kafin yaro ya ce a ba lamba tara, ya danna sau uku. Balle shagonka, janareta na ruri, mutum ashirin na ihu, wani na rantsuwa alƙalin wasa ya ci kuɗi. Wace na'ura ce za ta tsinci muryar mai fad a nan? Sayi fad biyu masu kyau, ka gyara fanka.

TAMBAYA: Malam, ɗana ɗan shekara 12 yana kulle ɗaki da dare yana magana shi kaɗai da gem. Ya ce da kwamfuta yake hira. Hankalina bai kwanta ba.
Daga wata uwa, Maraɗi

AMSA: Hajiya, kafin komai ki zauna kusa da shi wata rana, ki ce ya cire abin kunnen ya saki sautin a fili. Zato na ya fi ƙarfi a kan cewa ba kwamfuta ba ce, mutane ne. Wasannin da na'ura ke mayar da magana har yanzu 'yan ƙalilan ne, amma hira da baƙi tana cikin kusan duk wasan da ake yi ta intanet, kuma ita ta fi ba ni tsoro, don na'ura ba za ta tambaye shi unguwarsu da wata manufa ba.

Ba ke kaɗai ke da wannan damuwar ba. A Disamban 2022 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka ta sa Epic ya biya dala miliyan 520, kuma cikin laifuffukan akwai tattara bayanan yara ba da izinin iyaye ba, da barin hirar murya a buɗe ga yara tun daga farko. Shi ya sa da Darth Vader ya zo, 'yan ƙasa da shekara 13 sai da izinin iyaye suke magana da shi. Amma wannan katangar tana aiki ne in yaro ya faɗi shekarunsa na gaskiya ranar da ya buɗe asusu, kuma ni ban taɓa haɗuwa da yaron da ya faɗa ba. Ki sa yayansa ko kawunsa ya duba ranar haihuwar da ke asusun, ya shiga sashen kulawar iyaye, ya taƙaita hira ga abokan da kika sani. Wasan Call of Duty ya sa wata basira mai sauraron zagi tun 2023, amma da Turanci ta fara, don haka kada ki dogara da ita ta tsare miki ɗa. Gem ɗin kuma ya dawo falo.

TAMBAYA: Ina aikin ɗora murya a fassarar fina-finai. Yaushe gem zai ji Hausa, kuma in ya ji, mu ina makomarmu?
Daga wani ƙaninka, Jos

AMSA: Ƙanena, na'ura da sa'o'i take koyo. Whisper na kamfanin OpenAI, mai mayar da magana rubutu, da ya fito a 2022, an horar da shi da sauti na sa'o'i 680,000, kusan kashi biyu cikin uku Turanci ne. Hausa tana ciki, amma rabonta bai fi cikin cokali ba. Aikin NaijaVoices ya tara kimanin sa'o'i 1,800 na Hausa da Yarabanci da Ibo, Common Voice na Mozilla kuma kowa na iya shiga ya karanta jimloli da wayarsa. Ana motsi, amma tafiyar da nisa.

Kuma harshenmu yana da tarkonsa. Rubutun boko ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali, don haka na'urar da ke karanta "kuka" sai ta yi caca tsakanin hawaye da miya, haka "gari", haka "wuya". Ka ƙara da Basakkwace da Bakano da Bazazzagi, kowa da bakinsa, ga yaranmu da ke cusa Turanci ko Faransanci a tsakiyar jimla. Ina kyautata zaton Hausa za ta fara shiga ta ƙananan wasannin waya da 'yan gida za su ƙera, kafin manyan kamfanoni su waiwaye mu.

Batun makoma kuwa, takwarorinka na Amurka sun riga ka shiga wannan ruwan. Ƙungiyarsu ta SAG-AFTRA ta shiga yajin aiki a kan kamfanonin gem ranar 26 ga Yulin 2024, ba ta janye ba sai Yunin 2025, kuma ƙashin bayan rigimar shi ne kada a kwafi muryar mutum sai da saninsa da yardarsa da biyansa. Kai ba ka da irin wannan ƙungiyar a bayanka, takardar da ka sa wa hannu ce kaɗai garkuwarka. In wani ya kira ka ɗaukar murya ya miƙo maka jimloli ɗari biyar da ba su haɗa labari ba, wannan ba fim ba ne, horar da na'ura ake yi. Ba haramun ba ne, ni ma na taɓa karanta irinsu kyauta. Amma ka tambaya a rubuce: a ina za a yi amfani da muryar, shekara nawa, kuma za a iya sayar wa wani? Kuɗin wannan ba ɗaya ba ne da na fim ɗin sa'a uku. In ka samu irin takardar, ɗauki hotonta ka rufe sunaye ka aiko mini, mu karanta tare a wannan shafin.