Yadda za ka fara aikin sa-kai na tattara tarihin zanga-zanga

Ɗan'uwa, ka tambayi yadda za ka taimaka wajen tattara tarihin zanga-zangar siyasa a Accra alhali ba ka karanci tarihi ba. Ka fara da dattawan unguwar Nima waɗanda suka shaida zanga-zangar Kume Preko ta 1995 kan harajin VAT, domin a ƙofar masallaci bayan la'asar suka fi sakin baki. Ka nemi izini kafin ɗaukar murya. Na taɓa ganin dattijon da ya yi gum da ganin waya a hannuna. Kada ra'ayin jam'iyyarka ya shiga tambayarka. Ranaku kuwa, irin su harbin da aka yi wa tsofaffin sojoji a yankin Christiansborg na Accra ranar 28 ga Fabrairu 1948, ka tantance su wajen ma'aikatan PRAAD, hukumar adana takardun tarihi ta gwamnatin Ghana.