Tafiya a zafin Makka tana rage teɓa fiye da ta hunturu?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Ina zaune a Makka, kuma a ƙafa nake zuwa Harami. Da hunturu ko a jikina, amma da zafi ya shigo sai hanyar ta gagare ni. Abokina ya ce jiki ne ke ƙona kitse, in ina son teɓata ta sauka in riƙa fita da azahar. Haka ne?

Amsa: Wa'alaikumussalam Alhaji. Gajiyar gaskiya ce, amma ba daga ƙonewar kitse take ba.

Kuzarin da tafiya ke ci ya dogara ne da nauyinka, nisan hanya, saurinka da irin ƙasar da kake takawa. Mai kilo 70 yakan ƙona kalori (ma'aunin kuzari) 50 zuwa 60 a kilomita ɗaya a shimfiɗaɗɗiyar hanya. Sa'ayi tsakanin Safa da Marwa, wajen kilomita 3, bai kai kalori 200 ba. Zafi yana ƙara wani abu a kan wannan, amma ƙarin bai taka kara ya karya ba. Rairayi mai laushi ma ya fi shi tasiri nesa ba kusa ba, don yakan ninka abin da kake ƙonawa.

To daga ina wahalar take? Daga kuzarin da tsoka ke ƙonawa, abin da ke zama motsi bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu ba, sauran duk zafi ne da dole jiki ya fitar. Fatar mutum tana wajen digiri 33 zuwa 35. In iska ba ta kai haka ba, ita ke kwashe zafin. In ta kai 45 kuwa, sai ta koma ƙara maka, ga rana a ka, ga kwalta tana huci daga ƙasa. Abin da ya rage maka zufa ce kaɗai, ita ma sai ta bushe a fata take sanyaya jiki. Shi ya sa danshin Jidda ke galabaitar da mutum ko da zafin bai kai na Makka ba: riga ta jiƙe sharkaf, zufa na ɗiga, amma ba sanyi.

Ana haka kuma jini ya rabu biyu, tsoka na nema, fata na nema, ga ruwan jiki yana raguwa. Zuciya sai ta ƙara gudu don ta wadatar da su. Wannan bugun da hakin su ne kake ji. In ka hau sikeli ka ga kilo ɗaya ya tafi, ruwa ne. Ka sha Zamzam ya dawo.

Sanyi, irin na Tabuka da hunturu, yana ƙara ƙona kuzari in mutum ya kai ga rawar ɗari, sai dai mai tafiya kan ɗumama kansa kafin nan.

Shawarar fita da azahar kam, ka bar ta. A aikin Hajjin 2024 zafi ya kai digiri 51.8 a Harami, mutum fiye da 1,300 suka rasu, akasarinsu sun yi doguwar tafiya a rana ba inuwa. Ka yi tafiyarka bayan asuba ko bayan isha'i. Za ka fi yin nisa, nisan kuwa shi ke cin kitse. In fitar rana ta zama dole, ka riƙe lema da ruwa, ka rage sauri. Jiri, amai ko ruɗewa suka zo, a shiga inuwa, a zuba ruwan sanyi a jiki, a nemi asibiti nan take. In kana shan maganin hawan jini mai sa fitsari, ka fara tuntuɓar likitanka.