Amsa: ta ina mutanen Bukuru za su fara farfaɗo da garinsu?

Malam, ka tambaya ko mazauna Bukuru, garin da ke kusa da Jos a jihar Filato, za su iya tsara farfaɗo da garinsu da kansu ba tare da jiran gwamnati ba. A ganina za su iya, muddin suka fara da abin da ke hannunsu.

Haƙar kuza ce ta gina garin, kuma tun da farashinta ya faɗi warwas a kasuwar duniya a 1985, kamfanoni suka janye suka bar mana manyan ramuka da suka cika da ruwa. Waɗannan tafkuna, da mutane da yawa ke kallo a matsayin haɗari kawai, su ne manoman rani ke ban ruwa da su suna noma kabeji, karas da tumatir da ake kaiwa har Abuja. Saboda haka ina ba da shawarar masu unguwanni, limamai, fastoci, ƙungiyoyin mata da matasa su zauna su kafa kwamiti, su ƙidaya tafkunan, su tantance mai kowane fili, sannan a gwada ruwan kafin a faɗaɗa noma ko kiwon kifi, domin ragowar haƙar ma'adinai na iya gurɓata shi.

Abin da ya fi damuna shi ne rabuwar unguwanni tsakanin Musulmi da Kirista tun rikicin Jos na 2001. Idan kwamitin ya zama na ɓangare ɗaya, ɗaya ɓangaren ba zai amince da shi ba. Batun takardun fili kuwa, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birni a hannun gwamna, don haka ku shigar da ƙaramar hukumar Jos ta Kudu da ma'aikatar filaye tun zaman farko.