Dole ne a rubuta duk lambobin jadawali a IELTS?

Ɗan'uwa, kana tambaya ko sai ka zuba duk lambobin jadawali a Task 1, wato sashen farko na rubutu a jarrabawar Turanci ta IELTS Academic. A'a, ɗauki manyan kawai: inda ya fi hawa, inda ya faɗi, shekarar da abu ya juya, sai ka kwatanta su.

Minti 20 ne fa gare ka na aƙalla kalmomi 150, ni karon farko na tsaya kwafe kowace lamba har lokaci ya cinye ni, ga Task 2, sashe na biyu na rubutun, makinsa ninki biyu ne. Amma ka tabbata ka sa jimla biyu kan yadda abin ya tafi gaba ɗaya, in babu su da wuya ka wuce maki 5 cikin 9 a ma'aunin cika aikin da aka ba ka (Task Achievement). Kuma ban da ƙirƙiro dalilin da babu a hoton.