Amsoshin Tambayoyinku: Laftof ɗin Ɗalibi, WhatsApp na Jabu, da Wayar da Za a Sayar

Wani ɗalibin kimiyyar kwamfuta a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa ya rubuto: "Malam, Baba ya sayar da raguna biyu ya ba ni kuɗin laftof. Na ga wata ta hannu, Core i7, amma abokaina sun ce in je Farm Centre a Kano, ta fi araha. Ya zan yi?"

Ɗana, kada sunan i7 ya ruɗe ka. Sunan ƙwaƙwalwar Intel da ke cikin laftof ɗin ne, ƙarninta za ka tambaya, wato zamanin da aka ƙera ta. Tun 14 ga Oktoban 2025 Microsoft ya daina aiko wa Windows 10 gyaran tsaro na kyauta da aka saba, shi kuma Windows 11, in dai Intel ce, kusan sai ta ƙarni na takwas zuwa sama yake karɓa a hukumance. Dubi lambar da ke bin i5 ko i7 ɗin: 8250U ƙarni na takwas ne, 4600U na huɗu. Gara i5 na takwas da i7 na huɗu. Nemi RAM 8 (ma'ajiyar aiki mai gigabait takwas) da SSD (ma'ajiyar fayiloli mai sauri), ka zare caja ka ga awa nawa batir zai kai. In kuɗin ragunan bai kai ba, sayi tsohuwar ka sa mata Ubuntu, manhajar da ke maye gurbin Windows, kyauta ce, kuma dama karatunka zai kai ka can. Batun Kano kuwa, haɗa da kuɗin mota zuwa da dawowa, sannan ka tambayi kanka wa za ka mayar wa in allon ya ɗauke bayan sati.

Wani ɗan kasuwa daga Jibiya yana tambaya ko ya sayi maganin bairos da ake tallata masa. Alhaji, riƙe kuɗinka. Windows na zuwa da nasa mai gadin, Defender. Sayi data ka bar na'urar ta sabunta kanta. Maganin bairos na sata da ake sa wa mutane a shago kuwa, ba kura ajiyar nama ne.

Sai wata matashiya daga Daura: "Duk ƙawayena GBWhatsApp suke yi. Ana ganin saƙon da aka goge, ana ɓoye cewa kana kan layi. Mai shagon waya ya ce zai sa mini a ɗari biyar. Da matsala?"

Akwai, 'yata, kuma a nan zan daɗe, don wannan abu ya jima yana ci mini tuwo a ƙwarya.

Mu mutane ne da suka san jabu. Mace za ta murza shadda a Babbar Kasuwa, ta shinshina, ta ɗaga ta a rana kafin ta yarda Getzner ce. Magidanci zai juya kwalin magani yana neman lambar NAFDAC. Amma wayar da ke ɗauke da asusun banki, da hotunan iyali, da duk hirar da aka yi da dare, ita ce ake miƙa wa yaro a shago a ce "cika mini ita da kaya." Na tsaya na gani da idona: yaro ya jera wayoyi huɗu a kan benci, ya kunna Xender, yana zuba musu manhajoji daga tasa wayar yana cin gyaɗa. Babu wanda ya tambaye shi ina ya samo su. Shi ma wani ne ya tura masa.

GB da FM da Yo da sauran 'yan'uwansu ba kamfanin WhatsApp ne ya yi su ba, shi ya sa ba za ki same su a Play Store ba. Wani ne da ba ki san sunansa ko ƙasarsa ba ya ɗauki ta asalin, ya farke ta, ya cusa abin da ya ga dama, ya ɗinke. Za ki ce ai WhatsApp a kulle saƙonninsa suke. Gaskiya ne, tun 2016 duk saƙo a kulle yake tafiya, ko kamfanin ba ya iya karantawa. Amma kullen nan na hanya ne. Kamar akwatin lefe ne da aka datse da kwaɗo daga Daura zuwa Katsina: direba ba zai buɗe ba, ɗan kamasho ba zai buɗe ba. To, in ya iso, wa ke riƙe da makulli? Manhajar da ke cikin wayarki. In ta jabu ce, kin shigo da baƙo har ɗaki kin damƙa masa makullin.

Ba zato nake faɗa ba. A 2021 masu binciken kamfanin tsaron kwamfuta na Kaspersky sun buɗe wani samfurin FMWhatsApp suka tarar da muguwar manhajar nan Triada a ciki, a 2022 suka sake samun ta a YoWhatsApp. Aikinta ta shigo da wasu miyagun, ta yi wa mutum rajistar abubuwan da ake cire masa kuɗi bai sani ba, ta kuma leƙa saƙonnin tes. Ta tes ɗin nan fa banki ke aiko lambar tabbatarwa. Mai irin wannan waya ne za ka ji yana cewa kati ba ya zama masa, yana zagin kamfanin layi, alhali ɓarawon na aljihunsa.

Ko ba a saci komai ba, kamfanin na rufe layukan da ya kama da su. Wani tela a unguwarmu, saura kwana tara Sallah aka rufe nasa. Awon mutane, hotunan ɗinki, wanda ya ba da kafin alƙalami da wanda bai bayar ba, duk suna ciki. Sai ga shi yana bin gida gida da tef a wuya. Duk don a ga saƙon da wani ya goge!

Haka manhajojin ba da rance. Tun watan Mayun 2023 Google ya hana waɗanda ke Play Store taɓa lambobin mutane da hotunan da ke cikin waya, amma wadda aka turo miki ta wani mahaɗi ba ta san wannan doka ba. Ranar da kika makara biya, har surukarki sai ta samu saƙo.

Don haka kwashe hotunan da kike so tukuna, don ba lalle hirarrakin su biyo ki ba, ki goge GB, ki sauke ta gaskiya daga Play Store da hannunki. Shiga saiti ki kunna tabbatarwa mataki biyu, wato ƙarin lambar sirri da ke hana wani kwace miki WhatsApp ɗin, ki sa lamba shida da ba shekarar haihuwarki ba. Duk wanda ya kira ya ce ki karanto masa lambar da ta shigo miki, ko ya ce daga islamiyyarku yake, kashe wayar.

Wani magidanci da ya ɓoye unguwarsa yana son in faɗa masa manhajar da zai saya ya riƙa karanta saƙonnin matarsa. Ba zan faɗa ba, Malam. Suratul Hujurati ta hana bin diddigin sirrin mutane, dokar laifukan intanet ta 2015 ta hana shiga na'urar wani ba izini. Masu tallar nan ma kuɗinka za su ci, ko su kwashe sirrin gidanka gaba ɗaya. In akwai magana, a zauna da manya.

Ta ƙarshe daga wata uwa ce a Ƙofar Marusa: "Zan sayar da wayata in biya wa yara kuɗin makaranta. An ce masu gyara na iya dawo da hotunan da aka goge. Akwai nawa da na 'yan matana ba mayafi. Kwana biyu ban yi barci ba."

Hajiya, Allah ya yi wa yaran albarka, ya buɗa miki. Tsoronki na da tushe, ba ƙauyanci ba ne. A 2015 wasu masu bincike biyu a Jami'ar Kambirij ta Ingila sun gwada wayoyin Android 21 na hannu, suka ga mayar da waya sabuwa bai share komai da komai ba. Amma tsofaffi ne ƙwarai, masu Android 2.3 zuwa 4.3. Wayar da ta fito da Android 10 zuwa sama a kulle take ajiye komai, kuma in aka mayar da ita sabuwa makullin ne ke lalacewa, abin da ya rage ba ya karantuwa. Ki kwantar da hankalinki.

Ki zare layi da memori, kada ki haɗa memorin a cinikin ko an ƙara miki kuɗi, don yawanci shi ba a kulle yake ba, kuma daga shi aka fi dawo da hotuna. Ki fita daga manhajar banki, ki cire asusunki na Google, sannan ki mayar da ita sabuwa a gida, ke ko babbar 'yarki, ba a shago ba. In tsohuwa ce sosai, bayan kin share ki kunna kyamara ki kifa ta a tabarma ta yi ta ɗauka har ta cika, ki sake sharewa. Gobe kuma in gilashin wata wayar ya fashe, canjin gilashi ba ya buƙatar lambar sirrinki. In mai gyaran ya gama ya miƙo miki, ke za ki buɗe a gwada a gabanki.