Kaska Raɓi Mai Jini: Tambayoyinku Kan Sunayen Cututtukan Namun Daji

Wani ɗalibi mai karatun likitancin dabbobi ya rubuto yana cewa: "Allah gafarta Malam, ina so in rubuta darasi da Hausa kan halittun da ke rayuwa a jikin namun daji suna ci daga gare su, irin su kaska, ƙuma da tsutsar ciki. Na kira su ci-ma-zaune. Na yi daidai?"

Ɗana, ka kusa, amma ba ka kai ba. Ci-ma-zaune zagi ne da ake yi wa mutum mai lafiya da ya ƙi neman na kansa. Lalacinsa ake kushewa. Kaska kuwa ba malalaciya ba ce. Takan hau kan tsinin ciyawa ta miƙe ƙafafunta na gaba, ta yi ta jira, wani lokaci watanni, har barewa ko ɓauna ta gifta ta maƙale mata. Wanda ya iya wannan haƙurin ba a ce masa ci-ma-zaune.

Kalmar da kake nema tana cikin kirarin kaska ɗin kanta: "Kaska, raɓi mai jini." Raɓa ita ce jingina da wani don a sami abin da ke gare shi, daga nan ne muka sami zaman raɓe. (Kada a haɗa ta da raɓar asuba ta cikin "baƙo raɓa ne", rubutu ne ya zo ɗaya, a baki karin sauti ya raba su.) Saboda haka shawarata ka ce 'yan raɓe. Kaska, ƙuma da ƙwarƙwata 'yan raɓen waje ne, tsutsar ciki 'yar raɓen ciki ce, dabbar da suke jikinta kuma mai masauki. Ko kauci da ke fitowa a reshen bishiya ya shiga wannan suna.

Abin da ya sa nake ƙaunar kirarin nan shi ne "mai jini" da aka ce. Ba a ce raɓi gawa ba. Ɗan raɓe yana bukatar mai masaukinsa da rai, kuma da wuya ka sami naman daji da ba ya ɗauke da wasu daga cikinsu, alhali yana kiwonsa, yana haihuwa, yana gudu ya tsere wa zaki. Don haka ka kiyaye a darasinka: ɗauke da ƙwayar cuta daban, rashin lafiya daban. Hausa ta ba ka kalmomin rarrabewa. Ciwo shi ne abin da jiki ke ji. Cuta ta fi faɗi, shi ya sa muke cewa "ya cuce ni" ko da babu zazzaɓi, wato an yi maka ɓarna. Annoba kuma, wadda muka aro daga Larabci kamar annabi da annuri, sai cuta ta game gari ko garke ake kiranta.

To, yaushe zaman raɓe ke rikiɗewa ya zama annoba? Dubi zakunan dajin Serengeti a Tanzaniya. A 1994 cutar distamfa, wadda aka fi sani a jikin karnuka, ta kashe kusan kashi ɗaya cikin uku na zakunan wurin, waɗanda yawansu ya kai wajen 3,000. Abin mamaki, gwajin jini ya nuna cutar ta sha shiga cikinsu a wasu shekarun ba tare da an ga gawarwaki ba. Bambancin shi ne fari mai tsanani da aka yi a 1993. Ɓauna suka rame, da ruwa ya sauka kaska ta rufe su, zakuna suka yi ta cin ɓaunan da suka galabaita, kaskar ta koma kansu ɗauke da ƙwayar Babesiya mai lalata jini. Distamfa ta karya garkuwar jiki, Babesiya ta ƙarasa. Da ɗaya ce kaɗai ta zo, da yawancinsu sun tashi. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, ko da mai ƙarfin zaki ne.

Wata malamar firamare ta tambaya: "Carki da balbela tsuntsu ɗaya ne? Kuma gaskiya ne carki likitan dabbobi ne?"

Malama, ba ɗaya ba ne. Balbela fara ce, tana bin ƙafar dabba tana tsintar fari da ƙwarin da tafiyar ta tayar. Carki ƙarami ne, mai ruwan ƙasa, a jikin dabbar yake sauka, ya bi wuyan raƙumin dawa ko kunnen ɓauna yana tsince kaska. Batun likitanci kuwa, da sauran magana. Wani bincike da aka yi kan shanu a Zimbabuwe, aka buga a 2000, ya gano cewa hana carki sauka bai ƙara yawan kaska a jikinsu ba, kuma gyambon waɗanda yake sauka a kansu ya fi daɗewa bai warke ba, domin jini yake so, yana tone miki ya sha. A gefe guda, kukansa kan ankarar da karkanda, wadda ba ta gani sosai, cewa mutum na tafe. Idan za ki koya wa yara, ki ce musu abokin zama ne da ake amfana da shi, shi ma yana cin nasa rabon.

Tambaya ta uku daga wani dattijo makiyayi ce, ɗansa ya rubuta masa: "Me ya haɗa bushiya da ciwon bushiya? Ita ke kawo shi daga daji?"

Baba, bushiya ba ta da hannu a ciki ko kaɗan. Ba ta kamuwa, ba ta yaɗawa. Abin da ke kawo ciwon ƙwayar bairos ce, 'yar'uwar wadda ke kawo ƙyanda ga yara, kuma dabbobi masu tsagaggen kofato take kamawa kafin a kawar da ita. A nawa fahimtar, kama ce ta jawo sunan: saniyar da ta kamu takan takure ta ranƙwafa, gashinta ya mimmiƙe. Ba kullum sunan ciwo ke nuna inda ya fito ba, kamar yadda ake ce wa sankara ciwon daji ba don daga daji ta fito ba.

Amma ɓangare na biyu na tambayarka, cewa daga daji yake zuwa, shi ne ya fi daɗe a raina, domin ba kai kaɗai ka ɗauka haka ba. Babbar annobar ta shigo Afirka ne a 1887 ta gaɓar Eritiriya, cikin shanun da sojojin Italiya suka shigo da su. Cikin shekara goma ta kai ƙarshen kudancin nahiyar, ta kuma ratsa yamma. A wurare da dama shanu takwas ko tara cikin goma suka mutu, haka ɓauna, raƙumin dawa da gadu suka yi ta faɗuwa. Shekaru da yawa ana zargin namun daji da cewa su ke riƙe da cutar suna mayar wa shanu. Sai da aka dage da yi wa shanun da ke kewaye da Serengeti rigakafi, musamman da allurar da likitan dabbobi ɗan Birtaniya Walter Plowright ya samar, aka ga cutar ta ɓace daga namun dajin ma, alhali ba wanda ya yi musu allura ko ɗaya. Ashe daga garke take fita ta shiga daji. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Abin da ya biyo baya ya isa a yi darasi guda a kansa. Akwai wani naman daji ɗan'uwan kanki, mai gemu, da masu Suwahili ke kira nyumbu. Yawansu a Serengeti bai kai 300,000 ba a farkon shekarun 1960. Kafin ƙarshen shekarun 1970 sun haura miliyan ɗaya. Da suka yawaita suka cinye ciyawar da a da take bushewa ta ci wuta, gobarar daji ta ragu, ƙananan bishiyoyi suka sami damar girma. Ƙwayar da ido ba ya gani ce take yanke yawan bishiyar da za ta tsaya a fili. An ga cutar a karo na ƙarshe a jikin ɓauna a dajin Meru na Kenya a 2001, aka kuma shelanta kawar da ita daga duniya a 2011, ta biyu bayan agana.

Ɗalibin nan na farko ya ƙara da tambayar yadda zai kira dabbar da cuta ke zaune a jikinta dindindin, tana fita daga nan zuwa wasu: matattara ko ma'ajiya? Ka ɗauki ma'ajiya. Matattara wuri ne da abubuwa ke gangarowa su taru, kamar ruwa a kwari; ma'ajiya kuwa a nan abu yake zaune har ranar da za a fito da shi. A ciwon bushiya, shanu ne suka kasance ma'ajiya. A sammore abin ya juya: gadu, mazo da ɓauna na yawo da ƙwayar a jininsu lafiya lau, tsando ya ɗebo ya kai wa saniya ta rame. A zazzaɓin Lassa, wanda aka gano a 1969, ma'ajiyar wani ɓera ne mai nonuwa da yawa. Tsando da kaska kuma kada ka kira su ma'ajiya a wannan darasin. Ka ce 'yan aike, ko masu dako.