Ga masu neman zuwa Holan koyon gyaran tsohon zane

Ɗan ƙanwata da ya gama digirin zane-zane a Zariya ya turo min saƙo. Wai ya ga a Facebook an tsinci tsohon zanen furanni a ɗakin shirgi, an sayar da shi kuɗi na fitar hankali, don haka yana so ya zo nan Holan, inda nake wannan aiki, ya koyi tantance irinsu da gyara su, tunda hannunsa ya faɗa. Ba shi ne farkon mai wannan tambaya ba, shi ya sa zan amsa a fili.

Ɗana, ba iya zane ake nema a aikin nan ba. Ilimin sinadarai ake nema, da ido, da iya kame hannu.

Ka ɗauki Pieter Claesz da Willem Claesz Heda. Duka biyun masu zane ne da suka zauna a garin Haarlem na nan Holan, kuma a shekarun 1630 kusan tebur ɗaya suke zanawa: kofin gilashi, farantin kuza, burodi, lemun tsami da aka fere rabi. Ga almajirai, ga 'ya'ya, ga masu kwaikwayo, su ma irin wannan suke zanawa. Sa hannun da ke ƙasan zane shi ne abin da muka fi zargi. A 1893 aka gano wani zane da ake sayarwa da sunan Frans Hals ashe na Judith Leyster ne, alamarta na nan a ƙarƙashin ta ƙarya. Shi ya sa gidajen gwanjo ke auna kalma: nasa ne, ana kyautata zaton nasa ne, daga shagonsa ya fito, ko kuma wani ne kawai ya bi salonsa. Tsakanin matakin farko da na ƙarshe akwai kuɗin gida sukutum.

Na'ura tana taimakawa, amma ƙaryatawa ta fi iyawa. Ana ƙirga zoben shekaru a gefen katakon da aka yi zanen a kansa, wanda yawanci daga yankin Baltik aka kawo, a san ba a sare itacen kafin shekara kaza ba. In ka sami fentin da ake kira shuɗin Prussia, wanda sai farkon shekarun 1700 aka gano shi a Balin, cikin asalin fentin zanen da ake jingina wa Ambrosius Bosschaert da ya rasu a 1621, magana ta ƙare. Amma babu na'urar da za ta ce maka wane ne ya zana. Wannan sai ido, da zaman kwatanta hotuna a RKD, cibiyar nazarin tarihin zane-zane da ke birnin Hague. Idon ma yana ruɗuwa: Abraham Bredius, babban masani, ya tabbatar a 1937 cewa jabun da Han van Meegeren ya zana aikin shahararren mai zane Vermeer ne.

Abin da ya fi ci min rai shi ne lafiyar zanen. Za ka ga ganye shuɗi ka ɗauka haka mai zane ya so, alhali kore ne, rawayan da aka shafa a kai ne ya kwaranye. Za ka ga inabin da wani mai gyaran da ya wuce ya goge wa siririn fentin sama har ya zama kamar dutse, kuma ba ya dawowa har abada. Wasu an liƙa musu sabon yadi a baya da kakin zuma da ƙaro, aka bi da dutsen guga, launi ya dushe. Ka haska fitilar UV, mai hasken da ido ba ya gani, sai facin da aka ɓoye ya fito baƙi-baƙi.

Wani dillali ya taɓa matsa min in rubuta "ɗan gyara kaɗan" a rahoton zanen da kusan duk filin da ke bayan kayan da aka zana sabon fenti ne. Na ƙi. Ya tsallake ni ya je wajen maigidana yana tambaya ko baƙon nan ya san aikin kuwa. Har yau abin yana min zafi. Maigidan ya duba da kansa, ya sa hannu a rahoton yadda na rubuta shi, kuma yau ni ake kira in an kawo zane mai rikici.

Ka ce fannin zanen furanni da kayan tebur ya kwanta maka don babu surar mutum. To akwai kofin giya, akwai naman alade, akwai ƙoƙon kan mamaci, kuma ba kai ke zaɓar abin da za a ɗora maka a tebur ba. Ka yanke wannan da zuciyarka tun kana gida.

Karatun a Jami'ar Amstadam yake: shekara 2 na digiri na biyu, sannan wasu 2 na ƙwarewa, kujerun kuma 'yan kaɗan ne. Kuɗin makarantar wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba ya ninka na 'yan ƙasa sau da yawa, ɗaki a Amstadam wahala ne, aikin da doka ta yarje wa ɗalibi irinka bai wuce awa 16 a mako ba. Bayan an gama, guraben aiki na dindindin a gidajen adana zane irin su Rijksmuseum ko Mauritshuis ba su cika buɗewa ba.

In har yanzu kana so, ka koma ka karanta sinadarai sosai, ka fara koyon harshensu, ka turo min takardunka in duba. Amma ka gaya wa mahaifiyarka ban yarda a sayar da gonar nan ba sai an ga tallafin karatu a rubuce.